Harufa Biyar Tsakanina da Yaya Aghali

Tun da na dawo daga Gana, duk inda na zauna sai an ce in ba da labari. An tambaye ni a wurin zaman makoki, abokan aiki sun tambaye ni a lakwal, makarantar da nake koyarwa, har mai sayar mini da nama ya ce, "Mushe, wai da gaske ne can ruwan sama ba ya ɗaukewa?" Ina ba kowa guntu, wani labarin hanya, wani labarin abinci. Akwai wurin da nake tsallakewa don yana yi mini nauyi a baki. Yau na ce bari in rubuta shi duka, har da inda laifin yake nawa.

Sunana Iliyasu, a takarda Ilias. Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal a wurinmu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina koyar da ƴan aji ɗaya da aji biyu a wata lakwal ta cikin tsohon gari, nan Agadas. Aghali yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi a aji huɗu ya ajiye karatu ya bi albasa. Yana saye a garaken Iferwan, ya loda a kamyo, babbar motar kaya, ya raka ta har Kumasi. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya faɗin inda za shi sai ya dawo.

Wata Talata, ana hutun ƙarfe goma, salulata ta yi ƙara. Lambar Yaya ce ta Gana. Na ɗauka da dariya, sai na ji muryar mace tana zuba Ingilishi. Ɗan angale, wato Ingilishin da na yi a kolej, ya daɗe da gudu, amma na tsinci kalma uku: ɗan'uwa, gidan likita, zo. Na yi ta ce mata da Faransanci, ina, ina? Ta faɗi sunan wani gari, ban kama ba. Sai ta soma faɗin harufansa ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Alli na hannuna, na rubuta a jikin ƙofar aji. Ta maimaita, na duba, na ga daidai ne. Layi ya yanke. Na kira ya fi sau talatin, salular a kashe.

Abin da ke jikin ƙofar shi ne I G U A E.

Na kira direban kamyonsa. Ya ce sun rabu a Kumasi tun Lahadi, Aghali ya ce yana da wata ƴar buƙata, za su haɗu a Tamale. Bai san komai bayan wannan ba. Aka duba taswira a salula, babu gari mai wannan suna. Daraktanmu ya ce, "Mushe Iliyasu, ka je wurin malamin angale na kolej mana, ko zai gane wani abu."

Na ce, "Ai ba magana ba ce, harufa ne. Harufa kuwa su nake ci su nake sha. Ƙauye ne da ba ya cikin taswira, in na isa can za a san shi."

Wannan amsa ce nake tsallakewa idan ina ba da labari.

Cima, matar Yaya, ta haɗa mini ƙullin cuku da dabinon Bilma, ta ce mai jinya ba ya son abincin baƙon wuri. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai riƙe bakin ƙullin ta ce, "Mushe, in ka gan shi ka kira ni, ko numfashinsa in ji."

Na shiga kar, doguwar motar fasinja, da asubar Laraba. Wanda ya san hanyar Tawa ya san ba a gaggawa a kanta. Kafin Abalak taya ta fashe, muka sauka muka zauna a inuwar motar. Wanda ke kusa da kujerata wani dattijo ne, Alhaji Garba, mai fataucin shanu, shi ma Gana za shi. Na nuna masa takardar da na kwafe harufan. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce shi ajami ya sani, in karanta masa. Na karanta, "Iguwaye." Ya ce shekara talatin yana shiga ƙasar, bai taɓa jin wannan gari ba, amma in je kasuwar albasa ta Kumasi, babu lungun da mutanenmu ba su sani ba.

A Yamai muka kwana a tashar kar, kan tabarmi, maza gefe mata gefe. Daga nan zuwa Wagadugu shingaye ne kawai zan iya tunawa. A sauka, a miƙa kati, a tsaya a rana, a koma. Mutane ba sa hira sosai a wannan hanya, kowa carbinsa yake ja. Amma har yanzu ina cikin ƙasar da bakina yake aiki. Na yi wa jandarma bayani da Faransanci, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya miƙo mini katina.

A Paga, bakin iyakar Gana, nan bakina ya ƙare. Wata ma'aikaciyar duwan, masu binciken kaya, ta kwance ƙullin Cima, ta ɗaga cuku ɗaya ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ta tambaya ko sabulu ne. Alhaji Garba ya karya ya ci a gabanta, ta yi dariya ta ɗaure mana. A tebur na gaba wani mai kaki yana cika takarda, ya yi mini alama in faɗi harufan sunana. Na faɗa masa a fili yadda nake faɗa wa yara: i, el, i, a, es. Na leƙa na ga ya rubuta E L E R S. Na ce a'a. Ya karɓi katina ya duba, ya nuna wa abokinsa, suka yi dariya, ya gyara. Na ce a raina, ga babban mutum da kaki amma bai iya dikte ba, shiftar da nake yi wa yara. Allah ya nuna mini amsar da nake nema a kan teburin nan, na wuce ta ina raina mutum.

Alhaji Garba ya sauka a Techiman. Ni na isa Kumasi da safiyar Asabar, ƙafafuna sun kumbura. Garin kore ne ko'ina, iska kuma jiƙaƙƙiya, riga tana manne wa mutum a baya. A kasuwar albasa na sami mutanenmu, ƴan Tawa, ƴan Galmi, ƴan Agadas. Suka kai ni wurin Alhaji Sani, maigidan da Yaya ke sauka a gidansa. Ya ce Aghali ya fita Lahadi da ƙaramar jaka, bai ce ga inda za shi ba, kuma su ma tun da direba ya kira su suke cigiya. Takardata ta zaga hannu ya fi goma. Wani ya ce Agogo, wani ya ce Ejisu. Daga ƙarshe aka fi rinjaya a kan Agona, wai mai faɗar ce ta haɗiye harufa.

Na hau ƙaramar mota zuwa Agona. A hanya na ga abin da ban taɓa gani ba. Kowane ƙauye an kafa rumfuna, mutane sanye da baƙi da ja, ana kiɗa, ana rawa, an liƙa manyan hotunan tsofaffi a bango. Na ɗauka biki ne. Wani Bahaushen Gana da ke kusa da ni ya ce jana'iza ce, Asabar ranarta ce. Ya ce sukan ajiye gawa a cikin sanyi wata biyu, wata uku, sai dangi na nesa sun taru. Da farko abin ya ba ni tsoro. Mu da ke rufe mutum kafin rana ta juya. Daga baya na yi tunani, su suna jiran na nesa ya iso, mu kuma na nesa sai dai ya tarar da ƙasa. Ni ne na nesa a ranar, ban san abin da zan tarar ba.

Babu Aghali a Agona. Na shiga gidajen likita biyu, na nuna hotonsa, aka girgiza kai. Na koma Kumasi da yamma.

Alhaji Sani ya ba ni ɗakin da Yaya ke kwana. Butarsa tana nan, da rawaninsa na biyu a rataye a ƙusa. Aka kawo mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi da barkono. Na yi loma biyu don kada a ji kunya. Shayinsu kuma kofi guda ne babba da madara, a shanye a tashi. Babu dahuwa uku irin namu, babu na ɗaya, babu na biyu, babu na uku, babu zaman da ke tsakaninsu.

Da safiyar Lahadi na fito ƙofar gida na zauna a bencin wata mai koko da ƙosai. Wannan kam abincin gida ne. Tsohuwa ce mai tabarau, ana kiranta Hajiya Asabe. Hausarta irin ta can ce, mace ma "ya" ake ce mata, kuma rabin kalmomin Ingilishi ne. Ta ga ina kallon takarda kokona yana hucewa.

"Ɗana, kai ne ɗan'uwan mai albasa da ya ɓace?"

Na ce ni ne. Ta karɓi takardar ta duba.

"Wa ya rubuta?"

"Ni. Ni malamin lakwal ne, Hajiya."

"Ni ma ticha ne, shekara talatin, kafin in zauna gida. Da wane baki aka faɗa maka?"

"Da Ingilishi."

"Kai kuma da wane kunne ka ji?"

Ta kife takardar a kan benci ta ɗora ludayi a kai.

"Kada ka karanta mini abin da ka rubuta. Rufe ido. Faɗa mini abin da matar ya ce, yadda ya fito daga bakinsa."

Na rufe ido. Muryar tana nan, kwana biyar ba ta bar kaina ba. Na ce, "I. Je. Yu. Aa. E."

Ta yago gefen kwalin sukari, tana rubutawa ina faɗa. Ta juyo mini shi: E J U R A.

"Ejura," in ji ta. "Garin masara. Jiya da ka je Agona, a kan hanyarsa kake. Da ka zauna cikin mota ka ƙara gaba, da ka isa."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Har daga Techiman, inda Alhaji Garba ya sauka, akwai hanyar da ke zuwa can. Na ce, "Hajiya, ta yaya?"

Ta ce in faɗi harufan Faransanci tana ji. Ina faɗa tana tsayar da ni. Abin da muke kira i, a wurinsu E ne. Abin da suke kira e, shi ne A ɗinmu. I ɗinmu kuwa ai suke ce masa. R a bakinsu aa ne kawai. Da muka zo G da J ta tafa hannu, don namu je da ji ne, nasu ji da je, an yi musanya ƙiri-ƙiri. Harufan iri ɗaya ne a ido, sunayensu ne aka raba wa kowa daban. Shekara ashirin da ɗaya ina tsaye gaban allo, ban taɓa tambayar kaina ko wani yana kiran su da wani suna ba.

Ta rubuta mini duka ashirin da shida a bayan kwalin, kowane da yadda ake faɗarsa. Ta jarraba ni sau uku, tana faɗa da sauri da gangan, ina rubutawa: Tamale, Kumasi, Mampong. Na faɗi a na farko, na ci biyu. Ta ce, "Ya isa. Tashi ka tafi." Na ba ta rabin cukun Cima. Ta ƙi karɓar kuɗin koko.

A cikin mota ina ta maimaitawa a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Duk allon da muka wuce sai in faɗi harufansa da bakinsu. Muka wuce Agona ban ɗaga kai ba.

Na isa Ejura wajen azahar, na tambayi gidan likita, su asibiti suke cewa. A bakin ƙofa akwai wani ma'aikaci da babban littafin sunayen majinyata. Ba ya jin Hausa. Na rubuta masa Aghali. Ya bi shafi uku da yatsa, ya girgiza kai. Na nuna hoto, ya ce shi jiya ya karɓi aiki. Na koma gefe na zauna a kan wani benci.

A nan mai kakin Paga ya faɗo mini a rai. In ni na ji nasu a karkace, su ma haka za su ji namu. Yaya ya yi aji huɗu, ya san harufan sunansa da Faransanci. Na faɗe su a hankali, a, je, ash, a, el, i, ina rubuta abin da kunnen Gana zai ɗauka. Je zai zama J. Ash ba su da shi, za a bar shi. I zai zama E. A kuwa na bar ta yadda take, don in ta zama R sunan ba zai faɗu a baki ba. Na kai wa ma'aikacin takardar. Yatsansa ya sauka a tsakiyar shafi na biyu, ya karanta da ƙarfi, "Ajale." Kunnena na Bahaushe kuwa ajali ya ji.

Gado na ƙarshe ne, kusa da taga. Wani tsoho mai farin gemu yana zaune a gefensa yana yi masa fifita. Yaya ya rame, bakinsa ya karkace, ɓangaren dama duk ya saki. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne. Iliyasu ne." Idonsa ya juyo a hankali ya tsaya a kaina. Hannun hagu ya taso ya kama wuyan rigata, ya riƙe, bai saki ba.

Tsohon sunansa Baba Seidu, ladanin wani masallaci ne a zangon garin. Ya ce ranar Litinin Yaya ya faɗi a kasuwar masara, jakarsa da takardunsa suka ɓace a cikin turmutsutsu. Da aka kawo shi yana iya fitar da sauti kaɗan, ya faɗi harufan sunansa da sunan ƙasarsa, washegari harshen ya tafi gaba ɗaya. Salularsa ta mutu, da aka sa mata wuta sai ta nemi lambar sirri. Baba Seidu ya ji an ce akwai baƙo Musulmi da ba shi da kowa, shi ne yake zuwa kullum ya juya shi, ya yi masa alwala.

"Mun aika cigiya Kumasi," in ji shi. "Amma Ajale muka ce. Ba wanda ya san Ajale."

Na kira Cima, na kara salula a kunnen Yaya. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga hawaye yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Na jiƙa dabino a ruwa na shafa masa a leɓe, ya tsotsa kaɗan. Na ba shi labarin gida: ƙorama ta kawo ruwa, babbar ƴarsa ta ci jarrabawa, bangon bayan gida da yake ta cewa zai gyara har yanzu yana tsaye. Ya lumshe ido a wurin bangon, na san dariya ce.

Ranar Litinin da safe ma'aikaciyar jinyar da ta kira ni ta zo aiki. Sista Akos ake ce mata. Da ta buɗe baki na gane muryar. Baba Seidu ya yi mana tafinta. Ta ce ta ga salular tana nuna ja, ta san saura ƙiris ta mutu, shi ya sa ta yi sauri, kuma tun ranar take tunanin ko na gane. Na ce mata na gane, a makare ne kawai, kuma ba daga wurinta ba ne. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta daɗe.

Yaya ya cika tsakanin azahar da la'asar. Ina faɗa masa kalmar shahada, leɓensa yana motsi. Kwana ɗaya da ƴan sa'o'i na samu tare da shi. Da ban yi girman kai a gaban darakta ba, da na samu uku. Na san kwanansa ba a hannuna yake ba. Amma kwanakin da ya yi yana kallon ƙofa, waɗannan ina da hannu a ciki.

Ma'aikata suka tambaya sati nawa za a ajiye shi a sanyi. Baba Seidu ya ce yau za a rufe shi. Kafin rana ta faɗi mutanen zango sun haɗa likkafani, sun yi wanka, sun haƙa kabari. Ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya, tana manne wa hannu. Na juya bayan sallah na ga sahu uku, babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin muryarsa.

Washegari na je karɓar takardar rasuwa, don Cima da yara za su buƙace ta. Ma'aikacin ya soma kwafe Ajale daga littafi. Na ɗora hannu a kan tebur na ce a'a. Ya ɗago ya ce in faɗi harufan. Kwalin Hajiya Asabe yana aljihuna, ban ciro shi ba. Na miƙe tsaye na ce, "E. Ji. Ec. E. El. Ai." Ya rubuta, ya juyo mini takardar. Aghali. Ya tambayi sunan uba, na faɗa masa, da sunan garinmu, harafi bayan harafi, bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, da shingayenta. Na biya Kumasi na ɗauko butarsa da rawaninsa, na yi wa Hajiya Asabe godiya, ta ce Allah ya jiƙansa, ta zuba mini koko.

Na iso Agadas ana zaman bakwai. Na gaisa da maza a waje, na shiga wurin Inna, mahaifiyarmu. Ta tsufa, idonta ya tafi, da hannu take gane mu. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Na soma ba ta labarin wayar da harufan, ina so in faɗa mata inda na yi kuskure. Ta ɗora tafinta a bakina.

"Ni ban san harufa ba, Iliyasu. Abu ɗaya zan tambaye ka. Wa ya rufe masa ido?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta laluba ta kamo hannuna na dama, ta buɗe shi, ta kifa shi a kan nata idanun. Ta daɗe a haka, ni kuma ban motsa ba.